Canza kyamara: anya kwalliya na biyan kuɗin sabulu?

Duk mai ɗaukar hoto ya san wannan ciwon. Kana zaune lafiya lau da kyamararka, tana maka aiki, ba kwastoman da ya taɓa dawo maka da hoto, kawai sai kamfani ya saki sabuwa, ka leƙa YouTube ka ga wani ya riƙe ta yana jujjuyawa yana zuba mata kirari, kafin ka ankara taka ta fara yi maka kama da tsohuwa, har ƙarar shota ɗinta da ka saba ji sai ka ji kamar ta canza. Alhali ba abin da ya same ta tsakanin jiya da yau. Turawa har suna suka raɗa wa abin, suna ce masa GAS, wato ciwon tara kayan aiki, kuma ni ɗin nan na yi jinyarsa ba sau ɗaya ba, shi ya sa nake ganin ina da bakin magana.

Bari mu fara da dalilin da ya sa ake ta yi mana wannan kiɗan a kunne. A 2010 kamfanonin da ke ƙarƙashin CIPA, ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan, sun fitar da kyamarori sama da miliyan 120 a shekara ɗaya. Sai waya ta zo ta lashe kasuwar ƙananan kyamarorin nan na aljihu ƙarƙaf, yanzu abin da suke fitarwa a shekara bai kai miliyan 10 ba. To wa ya rage musu? Ni da kai, masu sana'ar da masu tsananin sha'awa. Tunda sabbin kwastomomi sun yi ƙaranci dole wanda ya saya bara a lallaɓo shi ya sake saya baɗi. Ban ce zalunci ba ne, kasuwa ce, amma ka san da wannan a ranka duk lokacin da kake kallon talla.

Abu na farko da ake yaudarar mutane da shi shi ne megafiksel, wato yawan miliyoyin ɗigon da ke cikin hoto, don lamba ce, kowa na gane cewa 45 ta fi 24. To zo mu yi lissafi. Kyamara mai megafiksel 24 hotonta ɗigo 6000 ne a kwance, 4000 a tsaye. In za ka wanke shi da ingancin da ake buga mujalla, ɗigo 300 a kowane inci, zai ba ka inci 20 da 13, kuma wannan hoton da za a manna ido a jikinsa ne fa, wanda za a rataye a bango a tsaya nesa a kalla ya fi haka girma ba tare da kowa ya ga aibu ba. Talabijin mai 4K gaba ɗaya allonta megafiksel 8 ne da ɗan ɗori. Instagram kuwa, inda galibin hotunanmu ke ƙarewa, shekara da shekaru faɗin ɗigo 1080 yake matse hoto, ko megafiksel 2 bai cika ba. WhatsApp ba a ma magana, in ba a tura shi a matsayin fayil ba sai ya tauye shi. Kaga kenan mutum ya sayi 45 ya zubar da 43 a hanya.

Sannan akwai abin da ba a cika faɗa ba, ninka megafiksel ba ninka faɗin hoto ba ne. Daga 24 ka koma 45, faɗin ya tashi daga 6000 zuwa wajen 8200, ƙarin kashi ɗaya cikin uku kenan da ɗan wani abu. In kana so faɗi da tsawo su ninka sai ka nemi megafiksel 96. Hoton Obama na ofis da Pete Souza ya ɗauka a Janairun 2009, wanda shi ne na farko da aka yi wa shugaban Amurka da kyamarar dijital, da Canon 5D Mark II aka ɗauke shi, megafiksel 21. Nikon D3 da ta fito a 2007, wadda 'yan jarida da masu ɗaukar wasanni suka yi ta rububi, 12 ce kacal. Ba wanda ya kalli hotunan nan ya ce sun yi ƙanƙanta.

Masu buƙatar megafiksel da yawa suna nan, ban musa ba. Mai ɗaukar tsuntsu da dole ya yanke hoto sosai saboda tsuntsun ya ƙi matsowa, mai ɗaukar kayan talla da za a buga ƙato a kalla kusa, mai kwafar zane ko tsoffin takardu. In kana cikinsu ka riga ka san kanka, ba sai talla ta gaya maka ba.

Yanzu ga inda nake so mu ɗan jima, maganar duhu. Yawancin masu cewa kyamarata ba ta da ƙarfi, in ka bincika, abin da ke damunsu shi ne in sun shiga ɗaki ko rana ta faɗi hoto sai ya fito da yashi-yashi ko dishi-dishi. Sai a ce musu ai maganin shi ne ful-firem, wato kyamara mai babbar sensa, farantin da ke karɓar haske a cikinta. Gaskiya ne ful-firem ta fi, sensarta milimita 36 da 24 ce, ƙaramar da ake ce wa APS-C kuma wajen 23.5 da 15.6, in ka buga lissafi filin babbar ya ninka na ƙaramar sau biyu da ɗan kai, don haka hasken da take kwasa ya ninka kamar haka. ISO lamba ce da ake ɗagawa in haske ya yi ƙaranci, tana hawa yashi na ƙaruwa. Ma'ana hoton ISO 6400 a ful-firem zai yi kama da na 3200 ko ƙasa da haka kaɗan a ƙaramar. Ci gaba ne, amma ninki biyu ne da ɗan ɗori.

To dubi lens ɗin da ke gaban kyamarar taka. In wanda aka haɗo ta da shi ne, 18-55 ɗin nan, da ka zuƙo shi zuwa 55 ƙofarsa ba ta buɗuwa ta wuce f/5.6, kuma ƙaramar lamba a nan ita ce babbar ƙofa. Ka cire shi ka ɗaura 50mm f/1.8, wanda kusan a kowane kamfani yana cikin mafi arahar lens da suke da shi, hasken da zai shigo ya kusa ninka goma. Goma fa. Inda ɗazu kake ISO 6400 yanzu kana wajen 640, a kan tsohuwar kyamarar da kake shirin rabuwa da ita. Sabon bodi mai tsada, wato kyamarar ba tare da lens ba, ya ba ka ninki biyu, ɗan lens mai araha ya ba ka ninki goma, amma da yake lens ɗin ba shi da kwarjini ba wanda ke yi masa bidiyo yana ihu. Sai dai kar in yi maka rufa-rufa, f/1.8 na da nata haraji, wurin da ke fitowa tar siriri ne, in mutum biyar suka jeru wani gaba wani baya, ɗaya zai fito sauran su narke. A nan kam lens ba zai cece ka ba, bodi ma ba zai cece ka ba, haske za ka kawo.

Kuma haske shi ne abin da muka fi rainawa. Filasha ɗaya da ka cire daga saman kyamara ka ajiye a gefe ka sa mata lema, ko ka harba ta silin ta dawo, tana canza hoto fiye da duk wani bodi da za ka saya, canjin da ko wanda bai san komai a hoto ba zai gani da ido. Ka matso da fitila ka raba tazarar biyu, hasken da ke sauka a fuska ya ninka huɗu, kuma ya ƙara laushi tunda fitilar ta ƙara girma a kan fuskar. Wannan ba a saye, sani ne. Na sha ganin mutum da kyamara ta gani ta faɗa ya tsayar da mutane a tsakiyar rana ido ya faɗa rami hanci ya yi inuwa har leɓe, wani kuma da tsohuwar kyamara ya ja su taki biyar zuwa bakin inuwa ya fito da abin da za a sa a firem.

Ga kuma manhaja da ta shigo ta ƙara wa tsoffin kyamarori kwana. Tun da kamfanin DxO suka kawo nasu mai goge yashin hoto, Adobe ma suka saka nasu a Lightroom a 2023, fayil ɗin RAW, wato ɗanyen hoton da ba a sarrafa ba, da a da za ka jefar saboda ISO ya yi yawa yanzu sai ka wanke shi ya fito fes. Har tsoffin hotunanka na shekara goma za ka iya komawa ka ceto.

Kar a ce na zo kushe sabbin kaya ne kawai. Akwai inda aka yi tsalle na gaske, kuma ba a ingancin hoton ba ne. A wajen sensa babban tsallen an yi shi ne wajajen 2012 lokacin su Nikon D800, tun daga nan tafiyar hawainiya ake yi, ka ajiye hoton D750 ta 2014 kusa da na wata mai megafiksel 24 ta yanzu, a haske mai kyau da ƙyar ka bambance. Inda duniya ta canza shi ne fokas. A DSLR, wato kyamara mai madubi a ciki, na'urar fokas daban take a ƙasan madubi, ɗigoginta sun taru a tsakiya, kuma in saitinta ya ɗan goce da na sensa sai ka ga ka nufi ido ta kama kunne. 5D Mark II ɗin nan da na yaba ɗazu ɗigon fokas 9 ne da ita da za ka iya zaɓa, kuma masu amfani da ita na tsakiyar kawai suka yarda da shi. Marasa madubi kuwa a kan sensar kanta suke auna fokas. Sony a7 III ta 2018 ɗigo 693 ne da ita sun rufe kusan duk firem ɗin, tana gano idon mutum ta maƙale masa yana tafiya tana bi. Sony a9 ta 2017 tana harba hoto 20 a daƙiƙa ba tare da allo ya ɗauke ba. Canon R5 ta 2020 har idon tsuntsu tana nema. Wanda aikinsa yara ne masu guje-guje, ko ƙwallo, ko taron da abu in ya wuce ya wuce ba a maimaitawa, wannan canjin ba kwalliya ba ce, hotunan da a da yake asara ne suke dawowa hannunsa. Amma mai situdiyo da mutum ke zama a kujera ya ce kalli nan, ko mai ɗaukar gine-gine da duwatsu a kan ƙafa uku, me idon tsuntsu zai ƙara masa? Dutse dai ba gudu yake ba.

Na biyu shi ne amana. In kuɗin mutane kake karɓa, kyamara mai ramin memori biyu da ke rubuta kowane hoto sau biyu ta fi maka megafiksel ɗari, don ranar da kati ya mutu da hoton taron da ba za a sake ba, ba bayanin da zai fitar da kai. Ka tuna surutun da aka yi a 2018 da Nikon Z6 da Z7 da Canon EOS R suka fito da rami ɗaya, har sai da na bayansu suka zo da biyu. Haka shota, ƙarfe ne yana gajiya, 5D Mark III an ƙiyasta mata bugu 150,000, D850 kuma 200,000. Wata ta wuce haka nesa wata ba ta kaiwa, amma in taka ta doshi wurin kuma ita kaɗai gare ka, sayen ta biyu ba ciwon GAS ba ne, hankali ne. Kuma ta biyun ba dole sai sabuwa dal ba. Na uku bidiyo, in kwastoma sun fara tambayar 4K taka kuma ba ta yi, shikenan magana ta ƙare.

Akwai masu cewa ai kayan aiki ba komai ba ne, Henri Cartier-Bresson, shahararren mai ɗaukar hoto ɗan Faransa, da kyamarar Leica da lens 50mm ya yi yawancin aikinsa. Wannan maganar ma tana ba ni dariya, don Leica a zamaninsa ai ba kayan yara ba ce, tana cikin mafi kyawun abin da ake da shi, kuma ƙanƙantarta da saurinta su suka ba shi damar irin hoton titin da yake yi. Abin da ya yi shi ne ya zaɓi abin da ya dace da aikinsa ya zauna a kai shekaru har ta zama kamar yatsansa.

Wannan sabo da kayan aikin kuwa shi ne asarar farko da ba a lissafawa. Tsohuwar kyamararka ko a duhu yatsanka ya san inda ISO yake, sabuwa sai ka sauke ta daga ido kana laluben menu, abin da za ka ɗauka ya wuce. Sauran asarar kuma aljihu ne ke jin su. Nikon sun riƙe bakin lens ɗinsu na F, wato inda ake ɗaura lens a jikin bodi, tun 1959, Canon na EF tun 1987, a 2018 dukkansu suka fito da sabon baki, Z da RF. Adafta na aiki, na Canon ma lafiya lau, amma na Nikon in tsoffin lens ɗin nan ne na AF-D da bodi ke juya musu fokas, sai dai ka koma murɗawa da hannu. In kuma kamfani za ka canza gaba ɗaya to lens da filasha da tirigarta duk sai an sake lale. Batir ma haka, a gwajin CIPA D850 na yin hoto 1840 a caji ɗaya, Z7 kuma 330, duk da a aikace ana wuce haka, dole dai ka ƙara batir. Katin memori na CFexpress da abin karanta shi. Fayil ya kusa ninka nauyi, ma'ajiyar kwamfuta ta cika, kwamfutar da ke tafiya sumul ta fara nishi, ka ga ka sayi kyamara ta jawo maka sayen kwamfuta. An gudu ba a tsira ba.

To ta yaya mutum zai gane nasa ciwon na gaske ne ko na talla? Ni dai sai da na sha kashi na koya. Na taɓa tattara abin da nake da shi na sayi sabon bodi saboda hotunana na cikin ɗaki suna fitowa dishi-dishi, kuma an ce min wannan tana da abin hana girgiza a cikinta. Aikin farko da na fita da ita na dawo da daddare na zuba a kwamfuta ina murmushi, na zuƙo hoton wata yarinya da ke tafi, labulen bayanta har zarensa ina ƙirgawa, ita kuma hannunta da fuskarta sun shafe kamar an goga musu yatsa. Na buɗe na gaba, haka. Na gaba, haka. Sai na leƙa bayanan hoton, shota 1/40 na daƙiƙa, ta jima a buɗe. Abin hana girgiza hannuna yake riƙewa, ba ya riƙe yarinya. Da na sa 1/250 na ɗaga ISO, da tsohuwar da na sayar ma ta yi aikin. Na jima zaune ina kallon labulen nan.

Tun daga ranar abin da nake yi kenan, kuma shi nake gaya wa duk wanda ya tambaye ni wacce zai saya. Kar ka duba hotunanka masu kyau, koma kan waɗanda ka ƙi, ɗari na ƙarshe, ka buɗe bayanansu ɗaya bayan ɗaya tunda kowane hoto na ɗauke da shota da ƙofa da ISO da lens ɗin da aka ɗauke shi. In komai na cikin hoton ya girgiza tare, hannunka ne. In bango ya fito mutum ya shafe kuma shota a ƙasa take, kai ne. In shota na sama, ɗigon fokas na kan ido, amma duk da haka ta kama kafaɗa, kuma ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, yawwa, wannan kam laifin kaya ne. In hoton ya fito tar amma ba ya cewa komai, fuska ba haske, baya a cunkushe, an sare ƙafa, ba kamfanin da ke sayar da maganin wannan. Ka ware su tuli-tuli ka ga wanne ya fi tsawo. Ni da na yi nawa, tulin laifin kyamara sai da na ji kunyar ƙanƙantarsa.

In tulin kayan ya fito da tsawo, kar ka yi sayen kifi a ruwa, ka ɗauki hayar wadda kake so ko ka ara ka yi aiki ɗaya na gaske da ita, ba ɗaukar kofi a kan tebur ba. Mai sana'a kuma ya ƙara da lissafi, bayan na sayar da tsohuwa cikon da zan yi aiki nawa ne zai dawo da shi, kuma akwai aikin da na rasa saboda ba ni da ita, ko akwai wanda zai ƙara min ko sisi don na canza? Yawancin kwastoma ba su san sunan kyamararka ba, abin da suka sani shi ne sun yi kyau ko ba su yi ba, kuma yaushe za ka kawo. Bodi darajarsa zubewa take da an fito da na gaba, lens mai kyau kuwa sai ya ga bayan bodi uku yana nan. Shi ya sa na hannu, wadda ta kwana biyu da fitowa wani mai ciwon GAS ya saki, sau da yawa ta fi riba, ka dai duba yawan bugun shotarta da sensa kafin ka biya.

Wanda kuma sha'awa ce kawai, yana da halinsa, bai ci bashi ba bai tauye iyali ba, ya ce shi dai sabuwar ce ke sa shi jin daɗin fita ɗaukar hoto, wallahi ba ni da ta cewa, jin daɗi ma dalili ne. Wani ma ƙarama mara nauyi ya koma ya ga ya fi ɗauka, don babbar kullum tana gida a jaka. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ya ce min hotonsa ne zai gyaru.

Ni yanzu bodin da na saya saboda yarinyar nan mai tafi shi ne dai a hannuna, robar riƙonsa ta fara ɗagowa na manne ta. An fito da biyu a bayansa, na kalli bidiyonsu duka, har na taɓa saka ɗaya a kwandon saye da tsakar dare na rufe kwamfutar. Da na koma kan tulin hotunan da na ƙi na watannin nan, abin da ya fi yawa shi ne hoton mutane da yawa a wuri mai duhu, na baya suna nutsewa. Fitila ta biyu na saya da sandarta.